Ƙwallon Guragu Da Rabonmu Mu 'Yan Sabo

 

In an tashi ba da tarihin unguwarmu a nan Badun, goro da shanu ake fara ambata, sai sarauta, sai malamai da zawiyoyi, a ƙarshe a zo kan canji da tsire. Duk gaskiya ne. Amma akwai wasu 'yan uwa da aka kafa Sabo tare da su, ba a cika sa su a lissafi ba sai in ana maganar sadaka: makafi, da guragu, da kurame, da kutare. Yanzu an fi son a ce masu buƙata ta musamman, mu ma mun yarda da hakan, amma za mu riƙa amfani da sunayen da kowa ya sani don magana ta fito fili. Tarihinsu muke so mu ɗauko a wannan fitowa, ta wata ƙofa da ba a saba ba, wato ƙofar wasa da motsa jiki.

Yadda aka zauna tun farko

Jirgin ƙasa ya iso Badun daga Ikko a 1901, ya kai Kano a 1911. Daga nan fatauci tsakanin Arewa da Kurmi ya sauya kama: huhunan goro suna hawa, shanu suna gangarowa, mutane kuma suna bin dukiya. A 1916 aka keɓe wa Hausawa wannan wuri da muke kira Sabo. Wanda ya zo da ƙafafunsa biyu ya sami maigida ya shiga dillanci ko dako ko fawa. Wanda ya zo da sanda ko da rarrafe shi ma bai rasa wurin sauka ba, domin tsarin da aka baro a gida an taho da shi. A biranen ƙasar Hausa akwai Sarkin Makafi, da Sarkin Guragu, da Sarkin Kutare, to a Sabo ma haka aka yi. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna cikin iyayenmu a 1962 zuwa 1963, ya fitar da littafi a kan Sabo a 1969, kuma ya ba da labarin waɗannan sarautu da yadda bara take da tsari da shugabanci a unguwar.

Wannan tsari ya yi amfani ƙwarai a zamaninsa. Baƙon makaho ya san inda zai kwana, in rigima ta taso akwai mai raba ta, in ya rasu akwai masu yi masa sutura. Ba kowace al'umma ce ta yi wa nata haka ba. Sai dai tsarin ya tsaya ne a kan ci da kwana. Yaron da shan inna ta kama, tun yana ƙarami an riga an yanke masa sana'a: ga kwano, ga bakin masallaci, ga mararraba. Da la'asar sa'o'insa suna langa da ƙwallon tsumma, shi yana gefe yana gadin takalma. Ba don ba a ƙaunarsa ba ne, a'a, an ɗauka ne cewa wasa na mai lafiyar ƙafa ne. Abin da ya rage masa sai dara a gindin inuwa in ya girma, ita kam ba ta tambayar ƙafa.

Kuma ku duba wurin da Allah ya ajiye mu. Ga Adamasingba nan kusa da mu, tsohon filin sukuwar dawaki, wanda aka mayar filin wasa na Lekan Salami a 1988, inda Shooting Stars suke buga wasanninsu. Ga filin Liberty da aka buɗe a 1960, inda Dick Tiger ya doke Gene Fullmer a damben duniya a 1963. Garin wasa ne muke zaune a cikinsa. Tambayar ita ce, nakasassunmu fa, ina rabonsu?

Inda abin ya faro

Wasannin nakasassu a tsarin da duniya ta sani yau daga asibiti suka fito. Wani likita Bayahuden Jamus, Ludwig Guttmann, ya gudu zuwa Ingila a 1939 saboda zaluncin Hitila. A 1944 aka ba shi sashen kula da sojojin da suka karye a gadon baya a asibitin Stoke Mandeville. A wancan lokacin in mutum ya sami irin wannan rauni, kwantar da shi kawai ake yi, gyambon kwanciya da ciwon mafitsara su ƙarasa shi. Likitan nan ya ƙi yarda. Ya sa a riƙa juya marasa lafiya dare da rana, ya tashe su zaune, ya ɗora su a keke, ya ba su ƙwallo da baka da kibiya. Ya lura cewa mutumin da yake da abokin gasa yakan yi ƙoƙarin da ba zai yi ba in magani kawai ake ɗura masa.

Ranar 29 ga Yuli, 1948, ranar da aka buɗe gasar Olamfik a Landan, ya shirya gasar harbin baka a harabar asibitin. Mutum 16 ne kacal suka shiga, maza 14 da mata 2. Daga wannan ɗan taro abin ya yi ta girma, har a 1960 aka yi gasar Olamfik ta nakasassu ta farko a birnin Rum, da 'yan wasa kusan 400 daga ƙasashe 23. Kurame ma sun riga kowa, tun 1924 suka fara tasu gasar ta duniya a Faris. Makafi kuma an ƙirƙiro musu wasa tun 1946, wanda ake sa ƙararrawa a cikin ƙwallo, mutum uku-uku a kowane ɓangare, suna murgina ta a ƙasa, suna tare ta da jiki ta hanyar sauraro. Shi ya sa a wannan wasa 'yan kallo shiru suke yi.

Abin lura a nan, ba da babban fili aka fara ba. Harabar asibiti ce da mutum 16.

Abin da 'yan Najeriya suka yi

Najeriya ta fara zuwa gasar nakasassu ta duniya a Barcelona a 1992, da 'yan wasa shida, ta dawo da zinare uku: biyu daga Adeoye Ajibola a tsere, ɗaya daga Monday Emoghavwe a ɗaga ƙarfe. Tun daga nan ba a taɓa zuwa an dawo hannu rabbana ba.

Ga lissafin da ya kamata kowane ɗan Sabo ya riƙe. A Landan a 2012, 'yan wasanmu masu cikakkiyar lafiya sun dawo ba ko tagulla ɗaya, nakasassu kuwa suka kawo lambobi 13, shida daga ciki zinare. A wannan gasar ne Yakubu Adesokan, mutumin da nauyinsa bai wuce kilo 48 ba, ya ɗaga kilo 180 ya kafa tarihi. Ku 'yan kasuwa kun san buhun shinkafa mai kilo 50: to buhu uku da rabi ke nan da ɗoriya, yana kwance a kan benci, da hannu biyu. A Rio a 2016 masu lafiya tagulla ɗaya suka samo a ƙwallon ƙafa, nakasassu suka zo da 12, takwas zinare. A Tokyo sun kawo 10. A Faris a 2024 masu lafiya sun sake dawowa ba komai, nakasassu suka kawo bakwai. A cikinsu akwai Mariam Eniola Bolaji, wadda ta zama ta farko daga duk Afirka da ta ci lamba a wasan badminton a wannan mataki. Lucy Ejike kuwa, wadda shan inna ta kama tun tana ƙarama, zinare uku ta ci a ɗaga ƙarfe, a 2004 da 2008 da 2016.

Yawancin waɗannan lambobi a ɗaga ƙarfe aka samo su, kuma akwai dalili. A wannan wasa ɗan wasa kwanciya yake yi rigingine, ƙirji da kafaɗa da damtse ne suke aiki, kuma ana raba mutane ne bisa nauyin jikinsu. Wanda ya tashi yana tafiya da hannu, ko yana tura keke tun yana yaro, Allah ya riga ya tara masa ƙarfi a sama. Kayan aikin ma ba su da yawa: benci, sandar ƙarfe, faya-fayan nauyi, da mai koyarwa wanda ya san aiki.

To amma ku sake karanta sunayen nan. Za ku ga na maƙwabtanmu Yarabawa, da Ibo, da sauransu. Alhali kowa ya san a Arewa ne shan inna ta fi daɗewa tana ɓarna. Ƙarfin damtsen da ya kai wasu Landan da Rio, irinsa ne muke gani kullum a kan titin Mokola yana tura allo tsakanin motoci.

Wasan da namu ya ƙirƙiro

Duk da haka muna da abin alfahari, kuma babba. A 1988, shekarar da aka buɗe filin Adamasingba, wani ɗan Arewa da shan inna ta kama tun yana yaro, Alhaji Misbahu Lawan Didi, ya fito da wasan da yau ake kira ƙwallon guragu. Bai jira an kawo masa keken Turawa mai tsada ba. Ya dubi abin da guragunmu suke yawo a kai, wato ɗan allon katako mai tayoyi, ya ce wannan ma ya isa. Ɗan wasa yana zaune a kan allonsa, yana tura kansa da hannu, yawanci da silifa ko roba a tafin hannu don kada siminti ya ci fata, da hannun kuma yake buga ƙwallo. Akwai gola, akwai alƙalin wasa, akwai raga, akwai doka. Daɓe mai santsi kawai ake buƙata, irin na filin ƙwallon hannu ko na kwando.

Duk wanda ya taɓa kallon wannan wasa ya san ba abin tausayi ba ne. Gudu ne na gaske, da juyi, da karo, har mai ƙafa biyu ya riƙe baki. Allon da jama'a suka sani a matsayin alamar bara, shi ne ya koma kayan gasa. Yau wasan yana da hukumarsa ta ƙasa, jihohi suna da ƙungiyoyi, ana kuma shirya gasa musamman a lokacin ranar yaƙi da shan inna ta duniya, 24 ga Oktoba. A Ankara ta ƙasar Gana ma ana buga irinsa. 'Yan wasan nan sun yi wani aiki da likita da ɗan siyasa suka sha wuya a kansa: sukan tsaya gaban iyaye su ce, ku dube mu, ku kai 'ya'yanku rigakafi. Maganar da ta fito daga bakin wanda cutar ta taɓa, nauyinta daban ne.

Wannan ya kawo mu kan wani tarihi mai ɗaci. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa saboda zargin da ya yaɗu a kan maganin, a Kano ba a dawo da shi ba sai a tsakiyar 2004. A 2006 yaran da aka tabbatar cutar ta kama a Najeriya sun haura dubu ɗaya. Alhamdu lillahi, tun 2016 ba a sake samun ƙwayar cutar ta asali ba, kuma ranar 25 ga Agusta, 2020, aka ayyana Afirka ta rabu da ita, ko da yake har yanzu ana ci gaba da rigakafi, kuma wajibi ne mu ci gaba da fito da yara. Amma yaran da ta riga ta kama a waɗancan shekaru fa? Sun zama samari da 'yan mata masu shekara ashirin da 'yan kai. Wasunsu motar goro da ta shanu ta sauke su a nan. Wannan ne lokacin ƙarfinsu, shekarun da ɗan wasa yake tashe. In suka wuce a bakin titi, ba sa dawowa.

Me addini ya ce?

Mun san abin da wasu dattawa za su ce, kuma ba mu raina maganarsu ba. Za su ce wasa lagawu ne, yana shagaltar da mutum daga salla, yana kawo tsiraici da caca da cuɗanya. Wasu kuma za su ce wanda Allah ya jarraba haƙuri ya kamace shi, ba guje-guje ba.

Mu koma ga abin da muka karanta a Islamiyya. Annabi (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha (RA), ya yi kokawa da Rukana, ya kwaɗaitar a kan harbi da sukuwa. Ke nan asalin motsa jiki halal ne, abin da aka haɗa shi da shi ne yake iya ɓata shi. A kan nakasassu kuwa, sura guda ta sauka saboda makaho, Abdullahi ɗan Ummu Maktum (RA), wato Suratu Abasa. Wannan bawan Allah ladani ne, kuma sau da dama in Annabi (SAW) zai fita yakan bar masa Madina ya ja salla. Amru ɗan Jamuhu (RA) gurgu ne, 'ya'yansa suka so ya zauna a gida ranar Uhudu tunda Allah ya yi masa uzuri, ya kai ƙara, aka bar shi ya fita, ya yi shahada. Uzuri rangwame ne daga Allah, ba a mayar da shi katangar da za a tsare mutum a bayanta. A ƙasarmu ma ga Malam Aliyu Namangi na Zariya, makaho, mai Imfiraji, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta karrama da digirin girmamawa.

Haƙuri da ƙaddara ba ya hana neman lafiya. Likitoci sun tabbatar cewa mai zama wuri ɗaya ya fi fuskantar ƙiba, da hawan jini, da ciwon suga, da gyambon zama. Ga kuma ciwon da ba a gani, na zuciyar saurayin da tun safe har dare ba wanda ya kira sunansa sai dai a jefa masa canji. Da yawa daga nan ne ake faɗawa shaye-shaye. Batun salla da sutura kuwa a hannunmu yake. In mu muka shirya wasa, mu ne za mu sa lokaci tsakanin la'asar da magariba, mu hana caca, mu tanadi dogon wando, mata kuma a ware musu ranarsu da wurinsu da mai koyar da su mace.

Akwai wata magana da ta fi waɗannan nauyi, ita ce ta abinci. Saurayin da yake bara yana ciyar da uwa, wani ma da mata da 'ya'ya. In ya bar titi awa biyu, wa zai cike gurbin? Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma kada mu yaudari kowa: ba kowane ɗan wasa ne zai je Faris ba, waɗanda suka je ma sun sha kokawa a kan alawus da rashin kayan aiki. Ƙungiyar ƙwallon masu ƙafa ɗaya ta ƙasa sai da aka yi mata karo-karo kafin ta je gasar duniya a Meziko a 2018. Saboda haka wasa shi kaɗai ba ya riƙe gida. Amfaninsa shi ne yana tara matasa wuri guda, a san sunansu, a san iyawarsu. Daga nan ne mai shago zai ga wanda zai iya riƙe masa lissafi, mai gyaran waya ya ga almajiri, mai ɗinki ya ga yaron da za a saya wa keken hannu.

Abin da ya rage gare mu

Doka tana bayanmu. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga, a 2020 kuma aka kafa hukumar nakasassu ta ƙasa. Filin Adamasingba an sabunta shi an sake buɗe shi a 2021. Ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta musamman a garin Oyo, inda ake horar da malaman makafi da kurame, ba nisa da mu. Ba abin da ya hana shugabanninmu su nemi a ba yaranmu lokaci a fili, su nemi mai koyarwa daga hukumar wasanni ta jiha. Mu mazauna ne, muna biyan haraji, wasunmu kakanninsu a nan aka binne su. Wanda bai nema ba kuwa, ba zai ce an hana shi ba.

Kafin nan akwai abin da ba ya buƙatar sa hannun kowa. Na farko, a zauna da sarakunan makafi da guragu da shugabannin kurame, a ji ta bakinsu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada a shirya musu abu a bayan idonsu. Na biyu, a rubuta sunayen matasan da suke so, maza da mata. Na uku, a nemi daɓe ɗaya mai kyau, ko harabar makaranta ce bayan an tashi. Kafintocinmu za su iya yin alluna, masu walda su haɗa raga da benci, 'yan canji da 'yan goro da mahauta kowace ƙungiya ta ɗauki abu ɗaya: ƙwallo, riguna, ruwan sha, kuɗin mota. Na huɗu, masu gidajen kallon ƙwallo su rage tudun ƙofa su ware wuri a gaba, masallatai da Islamiyyu su yi gangara a bakin ƙofa da wurin alwalar da mai keke zai iya kaiwa. Buhun siminti nawa ne wannan zai ci? Na biyar, in Sallah ta zo ana shirya wasan samari, a sa ƙwallon guragu da gasar dara a cikin jadawali, a gayyaci maƙwabtanmu Yarabawa su zo da tasu ƙungiyar. Zumuncin da za a ƙulla a nan zai yi mana rana wata rana.

Iyayenmu da suka kafa Sabo sun tabbatar nakasasshe bai kwana da yunwa ba, bai kwana a waje ba. Allah ya saka musu da Aljanna. Namu aikin shi ne mu ɗora a kan nasu, yaron da yake gadin takalma a gefen fili shi ma a kira shi ya shigo.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kare zuriyarmu daga shan inna da sauran cututtuka, ya zaunar da Sabo da garin Badun da ƙasarmu lafiya. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.